Ƙusar da Ke Jira a Garin Taliyani

Jiya surukata ta dawo daga suƙ, wato kasuwa, da wani carbi ja wur, ta ɗora mini a cinya ta ce, "Ya Ummi, duba mana wannan, mai shagon ya rantse murjani ne." Na ɗauka na kai baki yadda na saba, sai dasashina ya haɗu da shi. Na manta ba ni da haƙora. Ita ta yi dariya, ni ma na taya ta, amma abin ya tsaya mini a rai har yamma. Ko ba haƙori na san roba ce, tun daga ɗumin da ya yi a tafin hannuna, don murjanin gaskiya sanyi gare shi ko da rana ta raba tsaka a Makka. Ni ce fa wadda matan attajirai ke aiko wa mota tun daga unguwar Zahir don in je in ciji dutse ɗaya in ce a saya ko a bari. Shi ya sa yau na kira maƙwabciyata Hajara, wadda ta yi boko a ƙasar Hausa kafin ta zo Makka, na ce ta zo da alƙalami. Ban taɓa zama gaban allo ba, amma abin da ke kaina ba ya zubewa, kuma akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita.

Unguwar da aka haife ni babu ita yanzu. In ka tsaya inda ƙofarmu take, motoci ne za su bi ta kanka su shige ƙarƙashin wani dogon otal. A da lungu ne da ya hau jikin dutse, raƙumi ba ya iya juyawa a cikinsa. Da asuba za ka ji masu ga-ruwa, waɗanda a nan ake ce wa saƙƙa, garewaninsu na ƙara a kan sanda, za ka ji tattabarun Harami sun tashi gaba ɗaya kamar an kaɗa shanya, za ka ji matan Takari suna daka, wata na zagin akuyar wata da Hausar Sakkwato ana rama mata da ta Kano. Ƙarƙashin duk wannan kuma akwai wata 'yar siririyar ƙara da ke fita daga zaurenmu, kamar kukan sauro mai haƙuri. Wannan mahujin Baba ne yana cin murjani. Aikina na fari a duniya shi ne in zauna gefensa da ɗan gwangwani mai huji ina ɗiga ruwa a kan dutsen, ɗigo ɗaya bayan ɗaya. In na yi gyangyaɗi sai in ji ya taɓa mini gwiwa da yatsan ƙafa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Uwata," zai ce, "kin bar baƙonmu da ƙishi." Yanzu a nan Utaibiyya ba na jin komai sai injin sanyaya ɗaki da ƙarar babura.

Baba da ƙafa ya taho aikin hajji yana saurayi. Guzuri ya ƙare masa a Musawwa, can tsallaken Bahar Maliya, lokacin Taliyani ne ke riƙe da ƙasar. Nan ya shiga ɗaukar kaya a bakin ruwa, har wani Taliyani mai sana'ar murjani ya lura da yadda yake gyara igiyar buhu da ƙananan yatsu, ya ɗauke shi shara. Daga shara ya koma gogewa, daga gogewa ya koma huji. Shekara tara ya yi a hannunsa. Bai taɓa gaya mana sunan mutumin ba, wataƙila harshensa ne bai iya ɗaukarsa ba. Mu'allim kawai yake cewa. Yakan ce, "Addininsa nasa ne, amma ban taɓa ganin ya rina ƙashi ya kira shi murjani ba." In lokacin salla ya yi, Mu'allim da kansa ke karɓar aikin daga hannunsa ya ce tashi, Ubangijinka na jira.

Shi wannan Mu'allim ɗan wani ƙaramin gari ne a ƙasarsu, a bakin teku, wanda Baba ya ce za ka zagaye shi kafin shayi ya huce. Amma girman kan mutanensa ya fi na Istanbul. Kullum suna aiki yana ba da labarin manyan garin, har Baba ya haddace su ya yi musu sunaye da Hausa, ya riƙa jero mana su bayan la'asar kamar mai yi wa sarki kirari. Akwai Mai Jirgi, wanda mayaƙan teku suka kama suka kai Tunis, ya yi shekara bakwai a hannunsu, ya komo gida da Larabci a baki da sanin inda murjani ke tsira a ƙarƙashin ruwa. Akwai Likita, wanda ya ƙi gudu da annoba ta shigo, ya binne mutane da hannunsa har ita ma ta ɗauke shi. Akwai Mai Ƙararrawa, wanda ya narka tukwanen gidansa ya ƙera wa garin ƙararrawar da masunta ke bi su komo in hazo ya rufe teku. Akwai Gwauruwa, wadda ita ta fara raba jan murjani kala-kala ta ba kowanne suna, daga jinin sa har kumatun jariri. Ni da ban taɓa ganin teku ba sai da na yi girma, na san mutanen nan fiye da yadda na san dangin uwata. Daga Gwauruwa sai Baba ya gangaro kan masu huji, wane ya koya wa wane, har ya iso kan Mu'allim. Nan yake ɗan dakatawa, ya gyara zama, sannan ya faɗi sunan kansa.

Yana da dalili. A garin akwai tsohon ɗakin aikin gidan su Mu'allim, kuma al'adarsu ita ce in almajirin sana'a ya ƙware, maigida zai ba shi mahuji daga bango. Ba kyauta ba ce, aro ne na tsawon rai. Ranar da hannunsa ya gaza, sai ya mayar, a rataye shi a ƙusarsa, a rubuta sunan mutumin a saman ƙusar tare da na waɗanda suka riga shi. In mahuji bai komo ba, ba a rubuta suna. Ranar da Baba zai hau jirgin ruwa ya tsallako Jidda, Mu'allim ya ba shi nasa, wanda ya taho da shi tun daga gida. Ƙotarsa ta itacen zaitun ce, ta yi baƙi don gumi, da tsaga uku a gindinta, kowace tsaga ta mutum ɗaya da ya riƙe shi. Ana murza shi da ɗan baka da tsirkiya. Bakinsa kuwa wani ƙarfe ne siriri kamar gashin doki, wanda duk maƙeran Makka sun gwada kwaikwayonsa sun kasa. Nasu yana huda manyan duwatsu, amma da ka kai shi kan ƙanana sai su tsage.

Yayana Idi bai taɓa son aikin ba. Yakan ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana leƙen rami kamar kaza ba, ya tafi ya koyi tuƙi. Ni kuwa tun ina shekara goma hannuna ya faɗa. Da idon Baba ya fara dusashewa, ni ce ke huji shi yana gogewa da lalube, mutane na ta yabon aikin tsoho, ba wanda ya san na 'yarsa ne. Kafin in cika sha takwas ya makance sarai, ƙafafunsa kuma suka kumbura.

A wannan shekarar ne, bayan alhazai sun watse, wani ɗan kasuwa ya kawo saƙo daga Jidda. Mu'allim ya daɗe da komawa garinsu, ya mutu a can. Ɗansa ya zo da kaya, yana neman baƙin mutumin da ya yi wa ubansa huji a Musawwa. Ba shi da ikon shiga Makka, don haka zai zo iyakar Harami a hanyar Jidda ranar Talata da hantsi ya jira.

Ban taɓa ganin Baba cikin irin farin cikin ranar ba. Ya sa aka miƙo masa wuƙa, ya laluba gindin ƙotar, ya yi tsaga ta huɗu da hannunsa. Ya naɗe mahujin a cikin farin ƙyalle, ya ɗaure.

Na ce, "Baba, in ya tafi da me zan yi aiki?"

"Da na maƙeri, Uwata."

"Na maƙeri ba ya cin ƙanana."

"To ki yi manya."

"Manya ai kowa na yi. Matar Bukhari da ke bakin lungu ma tana yi, ita da hannunta kamar na mai kirɓa sakwara."

Ya yi murmushi ya ce, "Ba nawa ba ne da zan bar miki. Ni a garin nan ba ni da takarda, ba ni da gida, in na mutu kuma kin san yadda ake binne mutum a nan, dutse biyu ba rubutu. Wuri ɗaya ne tak a duniya aka tanadar wa sunana. Ki kai musu kayansu."

Ranar Talata, yana bayan gida yana alwala, na kwance ƙyallen. Na zare mahujin na tura shi cikin buhun shinkafa har gwiwar hannu, na naɗe na maƙeri a madadinsa, na ɗaure irin ɗaurinsa. Ba zan ce shaiɗan ba ne, don ina cikin hankalina. Na ce a raina Bature ne, ɗan gata, ina ya san mahuji daga mahuji. Zai karɓa, a rubuta sunan Baba, ni kuma in ci gaba da zama wadda ta fi kowa. Na ɗauka na yi dabarar da kowa zai samu nasa.

Yaya Idi ne ya kai ni a motar maigidansa. Muka tarar da mutumin a inuwar katangar wani shagon shan gahawa, bayan ginshiƙan iyaka kaɗan, ya cire hularsa yana fifita da ita. Jajir da shi, wuyansa duk ya ƙone. Abin da na fara gani shi ne hannunsa. Yatsansa na tsakiya yana da kanta a daidai inda nawa yake da ita. Ya gaishe mu da Larabcin bakin teku, don a Musawwa aka haife shi. Ya ce yana tuna Baba, shi ne ke ɗora shi a wuya ya kai shi kallon jiragen ruwa.

Yaya ya ce da Hausa, "Ke miƙa masa mu tafi, kafin Baturen nan ya narke a ce mu ne."

Na miƙa. Ya kwance ƙyallen a hankali, da hannu biyu. Bai ko kalli bakin ƙarfen ba. Babban yatsansa ya kai gindin ƙotar yana neman tsagogin, ya zagaya sau ɗaya, ya sake zagayawa. Sannan ya ɗago ya dubi hannuna da ke riƙe da bakin mayafi. Ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce, "Ke ce ke yin aikin yanzu?"

Na ce, "Ni ce."

"Har ƙanana?"

"Har wanda bai kai ƙwayar dawa ba."

Ya gyaɗa kai. Ya naɗe na maƙerin ya sa a aljihu, ya ce, "Wannan zan ajiye a gidana, in riƙa tunawa da Makka. Ki gai da babanki. Ki ce masa ubana ya nuna mini ƙusarsa kafin ya mutu, ya ce kada a rataya komai a kanta. Tana nan, za ta jira."

A hanya Yaya na ta yaba kirkinsa, yana cewa ashe su ma sun san girman tsoho.

Baba na zaune a bakin zaure, ya juyo da fuska wajen takunmu. Ya ce, "Ya karɓa?"

Na ce, "Ya karɓa, Baba."

Ran nan ya sa aka dafa shinkafa da nama aka raba wa maƙwabta, daga buhun nan ɗin na auno ta. Bayan la'asar ya jero mutanen garin tun daga Mai Jirgi, da ya iso kan sunansa ya faɗe shi sau biyu, ya ce, "Bahaushe ɗan talaka, tsakanin Likita da Mai Ƙararrawa. Allah mai iko."

Wata uku ban taɓa buhun ba sai don awo. Sai wata matar attajiri ta aiko da ƙananan duwatsu masu launin kumatun jariri, tana son sarƙar wuya ga 'yarta. Na gwada da na maƙeri, biyu suka tsage a hannuna. Da hantsi, na ga Baba ya kishingiɗa yana minshari, sai na zaro mahujin na hau can saman soro, na rufe ƙofar bene, na zauna bayan tulunan ruwa. Ya shiga dutsen nan kamar allura a cikin man shanu. Na huda talatin da uku ban ɗaga kai ba, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji har cikin ƙashina.

Da na sauko na tarar da shi zaune. Ya ce in ba shi ruwa, na ba shi, ya sha ya miƙo mini moɗa. Sai ya ce, a hankali, kamar mai maganar cefane, "Ki riƙa ɗiga masa ruwa sosai, Uwata. Na ji yana kukan ƙishi wajen na ƙarshe-ƙarshen nan."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai zage ni ba, bai gaya wa Yaya ba, bai ce in mayar ba. Da ya kwaɗa mini mari da na samu sauƙi. Na tsaya da moɗa a hannu ina jiran ya ƙara kalma ɗaya in faɗi a ƙafafunsa, bai ƙara ba, ni kuma girman kai ya hana ni farawa. Na ce gobe. Washegari bayan la'asar ya jero mutanen garin kamar kullum, ya iso kan Mu'allim, ya dakata inda ya saba dakatawa, sai ya ce a miƙo masa buta. Daga ranar bai sake faɗin sunansa a jerin ba. Kafin hajji ya zagayo ya rasu. Maza suka ɗauke shi, mu mata muka tsaya a bakin lungu. Na tambayi Yaya inda aka sa shi, ya ce wajen wani bango ne daga hagu. Bayan shekara biyu shi ma ya kasa gane wurin.

Shekara arba'in na yi ina aiki da mahujin nan, kuma ban ji kunyar aikina ba ko sau ɗaya. Ba amaryar gidan girma da aka kai a zamanina ba da hujina a wuyanta ba. Da shi na aurar da 'ya'ya, da shi na riƙe gida da mijina ya kwanta jinya. Sau da yawa na yi niyyar in nemi mai zuwa Jidda in aika, sai wani aiki ya shigo in ce in na gama wannan. Ina cikin gama wannan ne kwalaye suka fara sauka daga ƙasar Sin, carbi dubu a buhu, duk launi ɗaya, hujinsu na inji. Alhazai suka daina tambayar mene ne, sai nawa ne. Aka rushe lungunmu, masu sana'a suka watse, wanda ya mutu ya mutu. 'Ya'yana mata ba wadda ta yarda ta zauna da gwangwani. Jikokina kuwa in na yi musu Hausa da Larabci suke amsawa, "Ya Sitti, halas, zamaninsa ya wuce, wa ke son wannan yanzu?" Abin da na hana ubana dominsa, yau ba mai karɓarsa ko kyauta.

Bara na gaya wa babban ɗana labarin, shi kaɗai. Ya ɗauko wayarsa ya yi ta tambayata, garin a bakin teku ne, akwai dutse a bayansa, me da me. Har ya gano wani ɗan gari da ya yi kama. Ya karanta mini jerin manyan mutanensa, ina jin wani da aka kama aka kai Tunis, ina jin wani likita na lokacin annoba, sai na ce tsaya, su ne. Baba bai yi ƙarya ba ko ɗaya. Na ce, "To nemo mini ɗakin aikin, da bango mai ƙusoshi." Ya duba ya duba, ya ce babu maganarsa. Na ce mu aika da mahujin hakanan. Ya ce, "Ya Ummi, mu aika wa wa? Mene ne sunan gidan?" Na buɗe baki, sai na ji ba abin da ke ciki sai Mu'allim.

Ga shi nan a ƙarƙashin matashina, cikin farin ƙyallen nan dai, tsaga huɗu a gindinsa. Ban yi ta biyar ba, ba kuwa zan yi ba. Ban san ko bangon na tsaye ba, ko shi ma otal ya hau kansa. Wani lokaci bayan la'asar nakan jero su ni kaɗai, Mai Jirgi, Likita, Mai Ƙararrawa, Gwauruwa, har in iso kan Mu'allim, in dakata inda Baba ke dakatawa.

Hajara ta ɗago yanzu ta ce, "Gwaggo, ai ba ki faɗi sunansa ba. Faɗa in rubuta a nan, ko ba komai ya shiga takarda."

Na ce a'a. Su mutanen can ba sa rubuta suna sai mahuji ya komo, kuma shi ya yarda da sharaɗin, ni ce na karya. Na ce ta bar layi ɗaya fili a ƙasa, daidai tsawon sunan mutum da na ubansa, kada ta sa komai a ciki.